Gwamnan da Ya Daina Ƙorafi

Na ga saƙonninku, na kuma san wasunku sun yi fushi da ni. Wata har cewa ta yi in dai ba mutuwa na yi ba, to ba ta yafe min jiran da na sa ta ba. Ban mutu ba, 'yar uwa. Abin da zan ba ku yau ne na sha ɗaukar waya zan rubuta, in kai layi biyu in goge.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, kuma ina aiki a wani kamfani da ke ƙera wasan kwamfuta. Kamfani dai a baki. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, da fanka mai kuka tun safe, da tebura da kowanne ƙafarsa ɗaya a kan kwali take. Wasan da muke yi na gina daula ne. Za ka fara da ƙauye guda, ka yi noma, ka shimfiɗa hanya, ka kafa garuruwa, ka naɗa gwamnoni, har ƙasarka ta fi ƙarfin idonka. Ni aikina in sa wa mutanen ciki magana a baki, shi ya sa a ofis ake ce min Mai Baki. Shi kuwa wanda ya kafa wurin, wanda zuciyata ta je ta maƙale wa ba tare da ta yi shawara da ni ba, Magini muke ce masa.

Kada ku zana wani kyakkyawa a ranku. Siriri ne, ƙafar gilashinsa da salatif aka ɗaure ta, kuma in ya sayi riga to irinta uku yake saya don kada zaɓi ya ɓata masa lokaci. Amma ku bari ya fara maganar wasan nan, a nan ne za ku gane abin da ya same ni.

"Duk wasannin nan ƙarya suke yi wa mutane," haka yake cewa, yana kaɗa biro. "Ka danna nan, gari ya ginu. Ka danna can, runduna ta juya kamar mutum ɗaya. A kusurwar allo kuma an rubuta maka farin cikin talakawanka kashi kaza ne. Don Allah wane mai mulki ne ya taɓa sanin farin cikin talakawansa kashi nawa ne?"

Sai ya cire lambobin duka. A wasanmu in ka ba da umarni, manzo ne zai ɗauka ya hau hanya, in damina ta cinye gada sai ya zauna jiran ruwa ya janye. Sojojinka in lokacin girbi ya yi sulalewa suke yi su koma gona, ka yi ta kiran yaƙi kai kaɗai. Taswirar hannunka ma wani ne ya zana maka ita, in ya sa dutse inda kogi yake, to kai ma ka yi kuskure ke nan. Abin da ke faruwa a gari mai nisa ba ka ganinsa, sai abin da gwamnan wurin ya aiko a faɗa maka.

Nan ne na shigo, kuma nan ne na haƙa wa kaina rami ban sani ba.

Wata safiya ya tsaya a bayan kujerata yana karanta abin da na rubuta, ya ce, "Mai Baki, gwamnoninki sun cika gaskiya. Wannan wai ya aiko cewa yunwa ta shigo garinsa, mutane na gudu. Wa zai faɗa wa ubangidansa haka?"

Ni kuma a jiyan na je duba wata maƙwabciyarmu a asibiti. Mata ga ruwa ana ƙara mata, ko ɗaga kai ba ta iya yi, na ce mata ya jiki, ta ce lafiya lau, ya mamanki, ya aiki, ya zafin nan. Sai na ce masa, "To a sa su ce lafiya lau."

"Dukansu?"

"Dukansu. Mai daɗi da marar daɗi."

"To ta yaya mai wasa zai bambance?"

Na juyo da kujerata. Na ce, "Ka lura da mutanen gidanku. Wanda yake lafiya ƙorafi yake yi. Zai ce lafiya lau, sai dai rufin ɗakin ajiya na yoyo, jakunan da aka turo ragwaye ne, gwamnan maƙwabta ya raina shi. Wanda abin ya ci shi kuwa ba ya ƙorafi. Zai ce lafiya lau, ya juya gaisuwar kanka: ya jikinka, ya iyali, Allah ya ja kwana. Tsawon gaisuwa shi ne tsawon matsalar."

Ya cire gilashin nan ya tsaya yana kallona, har sai da na gyara mayafina. Ranar ce ya fara raka ni bakin titi.

Da muka sa abin a wasa, Dogo, mai gwada mana shi yana nemo kurakurai, ya wuni yana murna daularsa ta zauna lafiya. Can da yamma sai ga manzo a yage, wai lardin gabas gaba ɗaya ya watse, ko kaza ba ta rage ba. Dogo ya dafe kai.

"Mutumin nan fa kullum sai ya tambayi jikina," in ji shi. "Har cewa nake a raina duk cikinsu shi ne mai tarbiyya."

Mai Zane, ƙawata da ke zana mana gidaje da fuskoki, ta ce, "Kai ma da za ka riƙa tambayar jikin matarka haka, da tuni mun san akwai abin da ka ɓoye."

Mun yi dariya ranar har mai shagon taya ya leƙo. Ina tuna wannan dariyar yanzu kamar ta wasu mutane ce daban.

A gida kuwa wani wasan ake yi. Gwaggo, yayar Baba, ta zo mana kwana biyu da suka koma wata guda. Muna tsakar gida ina wanke kwanuka, Umma na ninke kaya, sai ta jefo tambayarta kamar ba da gangan ba.

"Auta, shi yaron nan da ke sauke ki a babur, me yake yi ne?"

"Wasa yake yi, Gwaggo."

"Ai wannan mun sani, 'yar nan. Sana'arsa nake tambaya."

Umma ta toshe baki da zanin da take ninkewa. Ni kuwa na ƙara wa tukunya soso ba don tana buƙata ba. Na yi ta bayani, daula, manzanni, kamfanin waje da zai duba wasan ya sayar wa duniya. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce, "To Allah ya ba shi daular. Ke kuma a wane lardi zai ajiye ki?"

Sannan akwai Mai Magani. Kantinsa na kan kwanar layinmu, wurinsa muke karɓo wa Umma maganin hawan jini. Ina so in ce muku mugu ne, ko mummuna, ko mai rowa, don ku taya ni ƙin sa. Ba ko ɗaya. Mutum ne mai sanyin magana, rigarsa kullum a goge, yana rubuta wa Umma lokacin shan magani a jikin kwali da manyan baƙaƙe saboda idonta. Ya faɗa wa Yayana yana so na, bai ɓoye ba, bai kuma matsa ba. Laifinsa ɗaya a wurina: in ya yi magana ina jin kowace kalma, amma ba na jin komai.

Baba bai ce dole ba, kada wani ya zage min shi a ƙasan rubutun nan. Kirana ya yi falo, ya rage sautin rediyo, ya ce, "Auta, ba zan zaɓa miki ba. Ke ba yarinya ba ce. Amma ni ma ba zan ci gaba da amsa gaisuwar mai babur ɗin nan da ban san gidansu ba. Ki faɗa masa kafin watan nan ya ƙare ya turo manyansa. In ba haka ba ya daina tsayuwa a ƙofata, ke kuma ki buɗe ido ki dubi masu zuwa ta ƙofa."

Na ce to. Na shiga ɗaki, na kwanta rigingine da kayan aikina a jiki, waya ta yi ƙara. Saƙon Magini ne.

"Mai Baki, kin isa? Ya gida?"

Jama'a, na rubuta masa komai. Gwaggo, Baba, ƙarshen wata, Mai Magani. Saƙon ya yi tsawo har sai an ja allo. Na karanta shi, na ɗora yatsa a kai, na goge. Abin da na tura shi ne:

"Lafiya lau. Ya Mama? Ya ƙafar Abbanku, ta yi sauƙi? Ka ci abinci kuwa? Allah ya huta gajiya."

Ya turo ɗan fuskar murmushi, ya ce, "Amin. Gobe ki tuna min da maganar gadoji."

Haka muka yi ta yi. Ni da nake cika masa waya da ƙorafin fanka, da shayin Dogo mai kama da ruwan wanki, da rigarsa mai ruwan toka da na ce in na sake ganin ta zan yi tsumma da ita, na koma mai ladabi. Kullum lafiya lau, kullum ya Mama.

Za ku ce me ya hana ni faɗa. Na gaya wa kaina don kamfanin wajen nan ne, lokacin nuna musu wasan ya matso, idonsa ya faɗa, bai kamata in ƙara masa ba. Wannan rabin gaskiyar ce. Ɗaya rabin, so nake ya gane da kansa. Mutumin da ya zauna ya koya wa kwamfuta yadda mai ciwo ke gaisuwa, a ce ni sai na buɗe baki? Duk sanda na tura lafiya lau sai in riƙe wayar a ƙirji ina jira ya kira, ya ce ke, ƙarya kike, me ya faru. Bai kira ba.

Ranar da wata ya zo ƙarshe na tashi da nufin magana. Na sa doguwar rigata mai ruwan zuma, wadda ya taɓa cewa ta yi kama da kalar da Mai Zane ke ba rana in za ta faɗi a wasan, na yafa baƙin mayafi, na shafa kwalli don kada a ga ban yi barci ba. Umma ta bi ni da kallo har ƙofa, ta ce, "Ki dawo da wuri yau." Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Na tarar da shi a ɗakin ciki, abin ji a kunne, yana gwada wasan da kansa. Mai Zane ta kalli fuskata sau ɗaya, ta ce wa Dogo, "Taso ka raka ni sayo burodi."

"Burodi ne sai an raka ki?"

"Yau mai nauyi zan saya. Taso."

Na ja kujera na zauna kusa da shi. A allo manzo ya iso daga wani garin bakin kogi, ya durƙusa, maganar da na rubuta da hannuna ta fito a ƙasa: lafiya lau, ya jikin ubangijina, ya iyali, ya gajiyar mulki, Allah ya ƙara masa lafiya. Magini bai ma bari ya gama ba. Ya tura ayarin hatsi, ya tura mai bincike, ya ce a gyara hanyar garin.

Na ce, "Ka gane ke nan."

Ya zame abin jin zuwa wuyansa. "Ai a bayyane yake. Wannan gwamnan da, har ƙarar sauro yake kawo min. Tun da ya daina ƙorafi na san gari ya ci wuta."

"Ni fa?"

Hannunsa ya tsaya a kan tebur. Fanka na ta kukanta, a ƙasa ana dukan taya da guduma. Na yi zaton zai ce ke me, ko ya yi dariya. Da ya yi hakan ma da na ji sauƙi, don wanda bai gane ba ana iya yi masa bayani.

Ya ce, "Na sani."

"Ka san me?"

"Tun ranar da kika tambayi ƙafar Abba. Ke da ba ki taɓa ganin Abba ba. Washegari na tare Yayanki a hanya, ya faɗa min komai, har da mai kantin."

Na ji kamar an zare min kujerar. Na ce, "Ka sani, ka bar ni ina ta gaishe ka kamar baƙuwa?"

"Mai Baki, in kin faɗa dole in ba ki amsa. Ni kuma ba ni da ita." Ya cire gilashin ya riƙe, bai kalle ni ba. "Na je wa Abba da maganarki tun kafin Babanku ya yi tasa. Ya ce yarinya ba ta da laifi, amma shi ba zai sa babbar riga ya je gidan mutane a tambaye shi sana'ar ɗansa ya ce wasa ba. Ƙaninsa ya samo min aiki a ofishin ruwa. Ya ce ranar da na rufe wurin nan na karɓa, a ranar zai je gidanku. Kawunnaina kuma ba mai taka ƙafa in bai ce ba."

"To ka bari a gama wasan, sai ya gani."

"Na ce masa haka. Ya ce ya ji wannan bara."

"Sai ka yi shiru."

"Sai na yi shiru. Duk ranar da kika ce lafiya lau, na san ƙarya ce, amma sai in karɓa in gode Allah, in ce yau ma na samu kwana ɗaya."

Ban san lokacin da kwallin ya fara bin kumatuna ba. Ya miƙo min hankici, na ƙi karɓa. Ya ajiye shi a tsakaninmu.

Ya ce, "Ki ce in bari. Wallahi in kika ce, yau zan kira Abba."

Ku da kuke karatu a kwance, na san me kuke cewa: ki ce mana, sakarya. Ni ma na buɗe baki zan ce. Sai idona ya faɗa kan allon. Ya bar wasan a kasuwar babban birni, sautin na fita ƙasa-ƙasa daga abin jin da ke wuyansa. Ga mai tallan gishiri tana kira, muryar Mai Zane ce da muka ɗauka tana mura. Ga maƙeri yana faɗa da mai jaki, ni na rubuta musu zagin, Dogo ya yi muryar jakin. Ga tsohuwar da ke zaune a ƙofar gari, wadda in ka ci garinsu da yaƙi ba za ta sake amsa gaisuwarka ba har wasan ya ƙare. Mutanena ne. Ni na sa musu harshe, shi ya sa musu ƙafa. Na hango shi a ofishin ruwa da rigar nan mai ruwan toka, yana buga hatimi, ya dawo gida in tambaye shi ya aiki, in san amsar da zai ba ni, in kuma san ni na saya mana ita.

Na rufe bakina.

Ya yi wani murmushi da ba na fatan sake gani. Ya ce, "Kin ga? Ni ma nan nake tsayawa kullum."

Na ɗauki jakata. Bai riƙe ni ba, bai raka ni bakin titi ba. A matattakala na yi karo da su Mai Zane, Dogo rungume da burodi, ya buɗe baki zai yi tsokana, ta taka masa ƙafa.

Rana ba ta yi sanyi ba na isa gida. A ƙofar ɗakin Umma na ga takalman mata da ban sani ba, masu tsafta, an jera su da kyau. Daga ciki ina jin muryar Gwaggo, irin wadda take ajiye wa baƙi, da ƙarar kofunan da ba a fito da su sai da dalili. Yayana ya raɗa min cewa innonin Mai Magani ne, wai sun zo duba Umma da jiki. Umma da ta yi shara da safe.

Baba na falo shi kaɗai, rediyo a kashe. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambayi aiki ba.

"Yana zuwa?"

Na ce, "Ba ya zuwa, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Na ga ya ga kwallin, na ga ya yi kamar bai gani ba, kuma wannan ya fi min ciwo a kan faɗa. A hankali ya ce, "To. Allah ya sa haka ne alheri. Ki wanke fuska, ki shiga ki gaida baƙin mamanki."

Na miƙe ke nan waya ta yi motsi a jaka. Da ma ban duba ba.

"Ina ƙofar gidanku. Ni kaɗai ne. Ban bar wasan ba, Abba bai zo ba, ban zo da komai ba. Ki ce wa Baba ina roƙon ya ba ni minti biyar."

Na ɗaga labule kaɗan. Yana tsaye a gefen baburinsa cikin rana, jakar kwamfuta a bayansa, ko sauke ta bai tuna ya yi ba. Yana ta gyara wuyan riga da hannu ɗaya.

"Wane ne?" in ji Baba.

Na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya sake karantawa, ya kife ta a hannun kujera. A ɗakin Umma wata ta yi dariya, Gwaggo ta ƙwala min kira, Auta, wai ba ke ce kika shigo ba.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya tarbi baƙo da kai a buɗe ba, ko da mai gyaran famfo ne, sai dai ɗan gida. Ya miƙe, ya zura takalmi, ya kalli hularsa a kan tebur. Ya bar ta a nan ya fita.